Ɗigon da Waya Ta Ba Ni

Wani dare a fadarmu ta shayi, bayan mun taso daga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, wani kamarad ya miƙo mini wayarshi ya ce in amsa tambayoyi, wai intanet za ta gaya mini ko ni ɗan hagu ne ko ɗan dama. Sunan abin The Political Compass, tun 2001 yake yawo a duniya. Magana 62 ake jera maka, kowace ka ce ka yarda ko ba ka yarda ba, da ƙarfi ko sama-sama. Babu wurin "ban sani ba". Daga ƙarshe sai a ɗiga maka ɗigo cikin wani murabba'i mai gida huɗu: kwance ana auna ra'ayinka kan tattalin arziki, tsaye kuma ana auna ko kana son hukuma mai ƙarfi ko sakin mara. Wanda ya fi mu jin Ingilishi ya riƙa fassara muna, muka yi mu biyar kafin a sauke shayi na uku.

Ba zan ci amanar abin ba, ya yi mini amfani. Shekara nawa ina gardamar siyasa, amma sunayen mutane nake gardama a kai, wane ya ci, wane bai ci ba. Ran nan aka tsare ni da tambaya ko ya kamata gwamnati ta sa hannu cikin harkar kasuwa, babu sunan kowa da zan ɓoye bayanshi. Na gano ina son a riƙe farashin gero da ƙarfin hukuma, kuma ina jin haushi in an taɓa ƴan kasuwar da suka biya mini kuɗin karatu. Wannan karo da kaina ban taɓa ganin shi ba sai ranar.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Ɗigona da na wani abokina ɗan Tibiri sun faɗi kusan wuri ɗaya, kamar an auna da zare. Waya ta ce mu ƴan gida ɗaya ne. Alhali ni da shi ba mu taɓa shirya magana kan sarauta ba. Shi ya tashi a gindin fadar Sarkin Gobir, yana ganin in rigimar gona ta tashi, sarki da hakimai sun fi kotu sanin iyakar kowa. Ni kuwa ina ganin talaka bai iya ɗaukaka ƙara gaban wanda ya gaji kujera. Cikin tambayoyi 62 babu ko ɗaya da ta taɓo wannan. An dai tambaye mu ra'ayinmu kan zanen da bai kama da komai ba, da kuma duban taurari. Mun yi dariya, muka danna abin da ya zo hannu, kuma wannan dannawar ma ta shiga lissafi.

Hagu da dama ɗin nan wurin zama ne a majalisar Faransa ta 1789: masu goyon sarki suka taru dama da shugaban zama, masu son sauyi suka koma hagu. Mu gwada shi da tarihinmu. A 1993 PNDS Tarayya, wadda ke kiran kanta mai ra'ayin gurguzu na sassauci, ta haɗa kai da CDS Rahama aka kayar da MNSD Nassara. A 1994 ta bar ƙawancen ta koma wajen MNSD ɗin. A 2011 Lumana ta Hama Amadu ta mara wa Mahamadu Isufu baya, a 2013 suka rabu baram-baram. Wane murabba'i ne zai zana wannan? Su kansu sunayen, Tarayya, Rahama, Nassara, Gaskiya, ba su ce maka komai kan haraji ba. Yanzu ma da aka rusa jam'iyyu a watan Maris na 2025, abin da ke raba mu a fada shi ne soja ko zaɓe, Faransa ko Rasha, ƙawancen AES ko komawa Sedeyawo. Tambayoyin wayar ba su san da zaman waɗannan ba.

Ku tuna 2023, da aka rufe iyaka bayan 26 ga watan Yuli, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta mutu. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya yi kukan a buɗe, mai ra'ayin sakin kasuwa ne, ko kuwa uwarshi ce ke Katsina? Ko manomin Jiratawa da ke noman rani cikin filin da hukuma ta gyara, yana biyan kuɗin ruwa ga ƙungiyar manoma, yana son a rage mishi kuɗin takin zamani, amma in ka ce za a sa mishi farashin zogale sai ya tashi da faɗa. A ina za a ɗiga shi? Ga kuma addini. Mutumin da ke son a raba dukiya saboda zakka da haramcin riba, waya za ta tura shi hagu, ta haɗa shi da mutanen da ba zai zauna tabarma ɗaya da su ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka karɓi sakamakon. Washegari biyu daga cikinmu sun sa hoton ɗigonsu a WhatsApp kamar takardar diploma. Ɗaya ya fara kiran kanshi da wata kalmar Turanci da bai san ta ba jiya. Ba mu ma tambayi yadda ake ba kowace amsa maki ba, kuma shafin bai nuna muna lissafin ba.

Mako guda bayan nan muka ce bari mu rubuta namu tambayoyin, da Hausa, guda ashirin. Ta farko ita ce wa ya kamata ya yanke hukunci in shanu sun shiga gona kafin a saki gonaki. Ɗan Tibiri ya ce a sa "sarki" cikin amsoshi, na ce a sa "kotu", ɗan Jiratawa ya ce duk mun manta da kwamitin ƙasa na ƙauye. Har aka ɗauke kuran muna kan ta farkon, takardar tana nan wajena da tambaya ɗaya.