Faya-fayan Jaz na Yusuf Latif a Ma'aunin Kiɗan Gobir

1. Abin da ake tambaya

Tun lokacin da masana suka soma bin diddigin kiɗan baƙar fatar Amurka, sunan ƙasar Hausa bai rabu da bakinsu ba. Paul Oliver, a cikin littafinsa na 1970, ya kawo hujja cewa tushen kiɗan bulus ya fi kusa da molo da goge na ƙasashen da ke gefen Sahara bisa ga gangunan bakin teku. Gerhard Kubik kuwa ya ƙarfafa wannan magana a 1999. To, wannan duk zancen asali ne, watau abin da aka ɗauka daga nan aka kai can. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: in gwanin jaz ya tako da ƙafarsa ya zauna cikin Hausawa, me yake iya ɗauka, me kuma yake fin ƙarfinsa?

Akwai mutum guda wanda aikinsa ya isa a gwada wannan tambaya a kansa, shi ne Yusuf Latif, wanda ake rubuta sunansa Yusef Lateef a bayan faya-fayansa. Ma'aunin da za a ɗora shi a kai kuwa shi ne kiɗan fada na ƙasar Isa da Sabon Birni, musamman na Ibrahim Narambaɗa. Ba don a ƙure baƙo aka zaɓi wannan ma'auni ba, sai don a nan ne kiɗa da harshe suka fi cuɗanya, a nan ne kuma bambancin zai fi fitowa fili.

2. Mutumin da faya-fayansa

An haifi Latif a 1920 a jihar Tenesi ta Amurka, ya girma a birnin Detroit, ya musulunta, ya rasu a 2013. Babban abin busarsa saksofon ne, amma tun da wuri ya nuna ba ya wadatuwa da kayan Turawa kaɗai. A faifansa na 1961 mai suna Eastern Sounds ya busa wata sarewar yumɓu ta ƙasar Sin, ya kuma busa obo, wadda ita da algaita 'yan gida ɗaya ne, gama dukansu da tagwayen beli ake busa su. Saboda haka sa'ad da ya iso Zariya a 1981 ba da kunnen sabon shiga ya zo ba. Ya zauna har 1985 yana babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya mai da hankali ga sarewar Fulani makiyaya. Daga wannan zama aka sami littafin da suka rubuta da Ziky Kofoworola a kan kiɗa da wasannin Hausa, wanda ya fito a 1987, da kuma faya-fayai biyu. Na farko shi ne Hikima, wanda Cibiyar ta fitar a 1983, aka sake buga shi a 2019. Na biyu shi ne In Nigeria, wanda aka ɗauka a Ikko a 1983, kamfanin Landmark ya fitar da shi a 1985.

Wani abu da ya kamata malami ya lura da shi shi ne, Latif bai yarda a kira sana'arsa jaz ba. A ganinsa kalmar tana ɗauke da raini, har ya ƙago wani dogon suna nasa mai nufin kiɗan da ke fitowa daga jiki da hankali da ruhin mai yinsa. Wanda ya san nauyin kalmar maroƙi a ƙasar Hausa, da yadda ake son waƙa amma a ƙi ba mawaƙi 'ya, ba zai yi mamakin wannan ƙyama ba.

3. Inda ginin biyu ya yi kama

A jaz na al'ada akan fara da wani ɗan kari sananne, mai tsawon awo 12 ko 32. Sa'an nan kowane mabushi ko makaɗi ya karɓa bi da bi, yana ƙago nasa nan take bisa wannan awo, daga ƙarshe a koma ga karin da aka fara da shi a rufe. Bahaushe da ya ji wannan bayani lalle zai tuna da gindin waƙa da ɗiyanta, kamar yadda Sa'idu Muhammad Gusau ya daidaita waɗannan kalmomi a fagen nazari. Gindi shi ne abin da ba ya sakewa, ɗiya kuwa su ne filin jagora, inda yake ƙari da ragi gwargwadon wurin da ya sami kansa da mutanen da ya gani. Ɗandatti Abdulƙadir ya nuna a bincikensa na 1975 a kan Mamman Shata cewa mawaƙin baka yana shirya waƙarsa ne a lokacin da yake rera ta. Wannan ita ce ainihin sana'ar mai jaz.

Amma fa kama da wane ba ta wane. A jaz karin farko yakan ɓuya bayan an buɗe da shi, sai awonsa kaɗai ke tafiya a ƙarƙashi, mai saurare yana riƙe da shi a zuci. A waƙar Narambaɗa kuwa gindi yana dawowa da kalmominsa bayan kowane ɗa, a ji shi da kunne. Har wa yau, a jaz kowa yana da lokacin da zai zama jagora, ko da mai ganga ne. A fada jagora ɗaya ne. 'Yan amshi suna karɓa, suna ƙarasa masa magana, wani lokaci su yi ƙari, amma ba su hawa kujerarsa. Ginin ƙungiyar ya bi ginin fadar da take yi wa aiki.

4. Abin da Latif ya samu

Babbar dabarar In Nigeria ita ce abin da aka bari a waje. Babu piyano a cikinsa, sai busar Latif bisa ganguna da muryoyin 'yan Nijeriya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Piyano muryoyinsa a ƙayyade suke, goma sha biyu a kowane hawa, ba ya tanƙwasuwa, kuma duk mabushin da ke tare da shi tilas ya bi jerin sautukan da yake shimfiɗawa. Da aka kau da shi, sai busa ta sami damar zamewa tsakanin murya da murya, ta daɗe a wuri guda, ta yi shaƙe, ta yi rawa, kamar yadda goge da algaita suke yi. A nan ne zaman Zariya ya nuna amfaninsa.

Inda faifan ya fi ƙarfi kuwa shi ne inda Latif ya ɗauki sarewa. Dalilin a fili yake. Sarewar makiyayi ba ta da ubangida, ba ta jiran kyauta, ba sai taro ya haɗu ake busa ta ba. Mutum ne shi kaɗai da numfashinsa a bayan shanu. Wannan hali ya dace da mai jaz, wanda shi ma abin da ke ransa yake nema ya fitar. Daɗa ga shi Latif ba ya gaggawa: yakan bar fili tsakanin jimla da jimla, har a ji iskar da ke fita gefen sarewar ta zama wani ɓangare na kiɗan. Wanda ya saurari yankin da aka ba suna da Hausa, watau Ruwa Mai Zurfi, da wanda aka sa wa sunan dandalin wasan kwaikwayo na Samaru, zai gane mutumin ya zauna ya saurara kafin ya busa. Bai zo da shirinsa daga gida ya nemi 'yan ƙasa su yi masa ado ba.

5. Abin da ya fi ƙarfinsa

Duk da haka, in aka kunna faifan nan a Isa, ko Kamarawa, ko Sabon Birni, a gaban dattijon da ya tashi da kiɗan kotso a kunnensa, tambayar da zai fara yi ita ce: me gangar take faɗi, kuma wa take kira? Wannan tambaya ba ta jahilci ba ce, ita ce zuciyar al'amarin.

Hausa harshe ne mai karin sauti, akwai na sama, da na ƙasa, da mai faɗuwa. Wuya ta jiki da wuya ta wahala baƙaƙensu ɗaya ne, kari ne ya raba su: ta farko daga sama take sauka, ta biyu daga ƙasa take hawa. Akwai kuma tsawon wasali, wanda ya raba gari na zama da gari na tuwo, shi ne kuma yake sa gaɓa ta yi nauyi ko sauƙi. To, kotso ganga ce mai siririn ciki da fata a baki ɗaya, ana kaɗa ta da hannu, ana matsa tsarkiyarta murya ta hau, a saki ta sauka. Da hawa da sauka, da tsawo da gajarta, take kwaikwayon magana, har mai jin harshen ya tsinci take da kirari ba tare da an buɗe baki ba. Muryar mawaƙi ma haka: binciken Paul Richards na 1972 ya nuna karin waƙar Hausa yakan bi karin kalmomi sau da yawa, ko da yake ba kullum ba.

Abin bai tsaya ga harshe kawai ba, ya kai har ga karin harshen yanki. Inda Bakano zai ce wanda ya zo, Bagobiri cewa yake wanda yaz zo. Gaɓar da take mai sauƙi a Kano ta zama mai nauyi a Gobir, hannun makaɗi kuwa tilas ya ba ta haƙƙinta. Narambaɗa mutumin Tubali ne, wadda a zamaninsa take cikin ƙasar Isa, kuma a fadar Sarkin Gobir Amadu na Isa ya yi sunansa. Da wannan Hausa ya gina Bakandamiya. In aka mai da kalmominta Kananci, awon zai gurgunce. In aka cire kalmomin ɗungum aka bar karin, abin da ya rage bai fi kube ba tare da takobi ba.

Wannan shi ne iyakar Latif. Ya sami launin sauti, ya sami kira da amsawa, ya sami haƙurin makiyayi, amma saksofon ɗinsa ba ya jin Hausa. Ganguna a faifan sun zama shimfiɗa mai kyau wadda busa ke tafiya a kai, alhali a fadar Gobir ganga abokiyar magana ce, takan riga mawaƙi faɗin abin da zai faɗa. Adalci kuwa shi ne a tuna bai yi da'awar kiɗan Hausa yake yi ba. Sunan faifan Nijeriya ya ambata, sunan yankinsa na farko ma da Yarbanci yake. Laifin zai koma kan malamin da ya kunna wa ɗalibai wannan faifai ya ce musu ga kiɗan Hausa ya shiga duniya. Bai shiga ba tukuna. Inuwarsa ce ta gilma.

6. Faya-fayan bayan nan

In aka dubi jaz na 'yan shekarun nan, za a tarar Nijeriya tana da babban rabo, amma ta ƙofar kudu ta shiga. Tony Allen, mai gangar Fela, ya fitar da The Source a kamfanin Blue Note a 2017, shekara uku kafin rasuwarsa. Ƙungiyar Ezra Collective ta Landan, wadda 'yan'uwa biyu 'yan asalin Nijeriya suke cikinta, ta ci kyautar Mercury a 2023. Duk waɗannan daga rijiyar Ikko suke ɗiba. A arewacin Afirka kuma, Randy Weston da Pharoah Sanders sun yi faya-fayai da makaɗan Ginawa na Maroko a shekarun 1990, su kuwa Ginawa zuriyar bayin da aka ƙetarar da su Sahara ne, har akwai rukunin waƙoƙinsu da suke jinginawa ga Hausawa. Abin mamaki, mai jaz ya fi saurin gamuwa da Hausa a Maroko bisa ga Sakkwato. Dalili ɗaya shi ne kiɗan bori da danginsa jiki suke kamawa, ana iya shiga cikinsu ko ba a jin harshen. Kiɗan fada kuwa sai da harshe, da sanin tarihi, da sanin wanda ake yi wa zambo.

7. Abin da ya rage ga malamai

Akwai darasi guda da faya-fayan jaz suke koyarwa wanda ba ya cikin sauti, yana bayan kwali. Al'adarsu ce su rubuta sunan kowane makaɗi, da abin da ya kaɗa, da wuri da ranar ɗauka. Shi ya sa bayan shekara sittin aka san Barry Harris ne ya kaɗa piyano a Eastern Sounds, Lex Humphries ya kaɗa ganguna. Waƙoƙin Narambaɗa kuwa, da suka bi ta gidan rediyo, da kaset, har suka iso wayar hannu, sunan jagora kaɗai suke ɗauke da shi. Hannuwan da suka matsa tsarkiya, da bakunan da suka karɓi gindi, sai an bi tsofaffi ake jin sunayensu. Tsofaffin kuwa suna ƙarewa, ga kuma fitinar 'yan bindiga da ta addabi ƙasar Isa da Sabon Birni a shekarun nan, ta tashi ƙauyuka, ta rage tarukan da yaro yake koyon take a cikinsu.

Saboda haka malamin kwalejin horon malamai yana da aiki biyu. Na farko, ya kunna wa ɗalibansa Latif da Narambaɗa a zama ɗaya, ya sa su rubuta nauyin gaɓoɓi da karin sauti na gindi guda, su ga da idonsu abin da ganga take bi, da abin da busar baƙo ba ta da hanyar bi. Na biyu, duk ɗalibin da aka aika ɗaukar waƙa, kada a karɓi aikinsa sai ya kawo sunan kowane ɗan amshi da kowane makaɗi, da garin, da ranar.

Latif ya yi iyakar abin da baƙo mai ladabi zai iya, ya kuwa yi shi da kyau. Faifan da zai haɗa 'yancin jaz da maganar kotso ba daga waje zai zo ba, gama waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Sai an sami mabushin da ya sha Gobiranci a nono, ya kuma ƙware a sana'ar, sa'an nan saksofon zai kira sunan wani a Isa, mai sunan ya waiwaya.