Masu Gyaran Tsohon Kicin

Magina da kafintocin unguwa masu gyaran tsohon kicin sun cancanci yabo, domin sun iya aiki da ɗan abin da ke hannun maigida. Daga bango suke farawa. Hayaƙin itace yakan bar kunkunniya mai maiƙo wadda fenti ba ya kamawa a kanta, don haka sai an kankare ta tas kafin a shafa farar ƙasa ko fenti. Gwanin magini yakan huda 'yar taga a saman murhu, domin in hayaƙi bai sami mafita ba, nan da nan bangon zai koma gidan jiya.

A wajen daɓe aka fi ganin basirarsu. Fasassun tayil, waɗanda ake samu da arha a kasuwannin kayan gini irin su Ƙofar Ruwa a Kano, su suke jerawa a kan siminti, gutsure-gutsure, su karkata daɓen kaɗan zuwa magudana don kada ruwan wanke-wanke ya kwanta. Aiki ne mai cin lokaci, kuma ladansa bai taka kara ya karya ba.

Kafinta kuwa ba ya zubar da tsohuwar kanta. Yakan cire falankin da gara ta ci, ya sauya marfi, sannan ya ɗora ta a kan bulo saboda damshi.