Gyaran Zaure a Birnin Damagaram: Siminti ko Makuba?

A ƙasar Hausa zaure shi ne fuskar gida. Nan ake tarbar baƙo, nan malam ke ba da karatu, nan ake ɗaurin aure. A unguwar Birni ta Zinder, kewayen fadar da ta samo asali tun zamanin Sarkin Damagaram Tanimun a ƙarni na 19, zaurukan tsofaffin gidaje na ɗauke da zankwaye da zanen hannun magina. A 2006 Nijar ta sa unguwar cikin wuraren da take neman UNESCO ta karɓa.

Sai dai gyaran da ake yi wa wasu zaurukan abin dubawa ne. Akan shafe bangon tubali da siminti, a bi shi da fenti, a maye ƙyauren katako da na ƙarfe. Ido na ganin ƙarko, alhali ginin ƙasa numfashi yake yi. Siminti kan kulle danshin damina a ciki, tubali ya lalace a ɓoye, wata rana fuskar ta ɓamɓaro har da zanenta. Maginan da sun san haka, shi ya sa suke yaɓe da makuba ta kwasfar ɗorawa, suna sabunta ta, suna lura da indararo.

Gaskiya ne wannan hanya na cin kuɗi da lokaci, magidanci kuwa na da bakunan ciyarwa. Amma da gininta na ƙasa Agadas ta shiga jerin UNESCO a 2013. Ya kamata ƙungiyoyin raya al'adu su haɗa matasa da tsofaffin magina, tun masu sana'ar na raye.