Yatsu Biyu a Wuyan Hannu

A watan Afrilu zafin gabashin Sakkwato yakan haura digiri 40, amma aikin fadama ba ya tsayawa. Daga madatsar Goronyo, ka bi Gulbin Rima har Wurno, ana ta ban ruwa da dakon buhunan albasa, haka ma a wajajen Rabah. Wanda jiri ya ɗiba a gona, wurin malamin asibitin ƙauye ake kai shi. Gwani a cikin malaman nan yana da wata baiwa da ba a cika yaba masa ba: ya san lokacin da awo ke yi masa ƙarya.

Zuciyar mai hutawa a inuwa tana tura jini kusan lita 5 a minti, abin da ke zuwa fata bai wuce rubu'in lita ba. In zafi ya yi tsanani, jijiyoyin fata sukan buɗe don jiki ya huce, har su ja lita 7 ko fiye. Ga tsoka na neman rabonta, ga gumi na rage ruwan jiki. Kamar injin ban ruwa ɗaya ne aka haɗa wa gonaki biyu, rijiya kuma tana ja baya. Dole zuciya ta ƙara sauri.

To, kalli hannun gwani. Yatsu biyu yake ɗorawa a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa. Ba ya sa nasa babban yatsan, don shi ma bugawa yake yi. Yana ƙirga bugun daƙiƙa 15 ya ninka sau huɗu, saboda bugun wanda ya ajiye aiki yanzu sauka yake yi da sauri, ƙirgen minti guda sai ya cakuɗa farko da ƙarshe. Ba lamba kaɗai yake nema ba: bugun cikakke ne, ko siriri mai gudu? Sannan ya ce, "Baba, zamna ka huta tukuna." Sai bayan minti biyar zai ɗaura abin awon jini, hannu daidai ƙirji, ya kuma maimaita. In mutum ya miƙe tsaye bugun ya ƙaru da 30, ruwan jiki ya yi ƙasa, sai a haɗa ruwan gishiri da sukari.

Ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa kuwa, yana amfani da ita, amma ba ya sakankancewa. Motsi da hasken rana mai ƙarfi suna rikita ta, kuma wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna takan ƙara wa baƙar fata lambar iskar da ke cikin jini. A ganina wannan ya isa hujja ga mai goge yatsa, ya shiga inuwa, ya gwada lambar da abin da hannunsa ya ji.

Kada a ɗauka rashin kayan aiki ne ya jawo wannan taka-tsantsan. Manyan ɗakunan bincike na Amurka da Ostareliya, inda ake sa mutum tuƙa keke a ɗaki mai zafi, su ma da matsalar ƙaryar awo suke fama. Na'urarsu mai auna jinin fata da hasken leza, in aka gusa da ita kaɗan a hannu ɗaya, sai lamba ta sauya. Shi ya sa suke dumama wurin zuwa digiri 43 ko 44, su ga iyakar buɗewar jijiyoyin, su auna sauran da wannan.

Akwai inda gwani ba ya ɓata lokaci da awo. In jiki ya yi zafi rau, magana kuma ta fara ruɗewa, ruwa ake kwarara wa mutum ana yi masa fifita, ana neman motar da za ta kai shi babban asibiti.