Waƙar da Ke Tara Kuɗin Neman Haƙƙi: Abin Dubawa ga 'Yan Ƙwallon Madarumfa

A ƙasar Hausa waƙa da kuɗi sun daɗe suna tafiya tare, kuma kowa ya san inda kuɗin ke fitowa da inda suke dosa. Daga aljihun wanda aka wasa suke fita, su faɗa na makaɗi. Sarki ya ba da doki da riga, attajiri ya biya kujerar Makka, ɗan kokawa ya ɗebi abin da ya samu a fage ya miƙa wa mai ganga rabonsa. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun karkasa makaɗanmu gida-gida, na fada da na sana'a da na maza da na jama'a, amma duk gidan da ka leƙa za ka tarar da ubangida a zaune, ko da na dare ɗaya ne. To, akwai wata irin waƙa da ta tsiro a filayen ƙwallon ƙafa na wasu ƙasashe wadda ba ta da ubangida. Magoya baya ne ke shirya ta, su ne ke sayen ta, kuɗin kuma su tafi asusun neman haƙƙin da aka danne musu. Ita nake so mu duba, domin ina ganin matasan Madarumfa da kewaye suna da kusan duk kayan haɗa irinta a hannu, ba su dai haɗa ba.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na birnin Liverpool a Ingila. Ranar 15 ga Afrilu 1989, a filin Hillsborough da ke Sheffield, Liverpool ta je karawa da Nottingham Forest a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA. Jama'a suka taru a ƙofar shiga, babban jami'in 'yan sandan da ke kula da wasan, David Duckenfield, ya ba da umarnin buɗe wata ƙofar fita. Mutane suka kwarara cikin wani sashe da ya riga ya cika, ga shingen ƙarfe a gabansu. Aka matse mutane har lahira. Adadin mamata ya kai 96, daga baya a 2021 aka ƙara mutum na 97 wanda ya yi shekaru 32 yana jinyar raunin da ya samu a ranar. Abin da ya biyo baya ya fi ciwo. Aka ce magoya bayan ne suka ɓalle ƙofar, jaridar The Sun ta buga ƙarya a shafinta na farko tana zarginsu da maye da satar kayan mamata, sannan zaman bincike na 1991 ya ce tsautsayi ne kawai.

Iyayen yaran da suka mutu talakawa ne, masu aikin ƙarfi da matan gida. A gabansu kuwa akwai rundunar 'yan sanda da lauyoyinta da baitulmalin gwamnati. Shari'a a can, kamar a nan, ba a yin ta da hawaye. Mata irin su Anne Williams, wadda ta rasa ɗanta Kevin mai shekaru 15, da Margaret Aspinall, wadda ta rasa James mai shekaru 18, sun kwashe fiye da shekaru ashirin suna hawa da sauka a ofisoshi. A 2009, wajen taron cika shekaru 20 a filin Anfield, jama'a suka katse jawabin minista Andy Burnham da kirarin neman adalci, kuma wannan ihun ne ya buɗe hanyar kafa kwamiti mai zaman kansa. Rahotonsa ya fito ranar 12 ga Satumba 2012: an sauya bayanan 'yan sanda 164, kuma akwai mutum 41 da mai yiwuwa da an cece su in da an kai musu ɗauki a kan lokaci. Firayim Minista David Cameron ya nemi gafara a majalisa.

A nan ne waƙar ta shigo. Kwanaki kaɗan bayan rahoton, ƙungiyar Everton, wadda ita ce babbar kishiyar Liverpool a cikin gari ɗaya, ta fito da yara biyu fili kafin wasa, yarinya da shuɗiyar riga mai lamba 9, yaro da jar riga mai lamba 6, aka saki wata tsohuwar waƙar 1969 mai magana a kan ɗaukar nauyin ɗan'uwa. Ɗan majalisa Steve Rotheram da mawaƙi Peter Hooton da wasu suka ga cewa wannan waƙar ce za ta yi aiki. Suka tara mawaƙa irin su Paul McCartney da Robbie Williams, da tsofaffin 'yan wasa irin su Kenny Dalglish, aka sake rera ta da sunan The Justice Collective, aka ce duk ribar ta tafi ga kuɗin shari'ar iyalan. Ta fito ranar 17 ga Disamba 2012, aka sayar da fiye da kwafi 269,000 a mako guda, ta zama ta ɗaya a ƙasar a makon Kirsimeti. Gwamnati ta yafe harajin da ke kan cinikinta. A cikin makon ne kuma babbar kotu ta soke hukuncin 1991. Ranar 26 ga Afrilu 2016 sabon zaman bincike ya tabbatar cewa kisa ne ba bisa ƙa'ida ba, kuma magoya baya ba su da laifi.

Wanda ya tsaya ya auna wannan labari zai ga cewa waƙar aiki biyu ta yi a lokaci guda. Ta tara kuɗi, ta kuma ƙirga mutane. Takardar koke ana iya cewa sa hannun bogi ne, zanga-zanga ana iya cewa hayar mutane aka yi, amma mutum ya ciro kuɗinsa ya saya, wannan shaida ce da hukuma ba ta iya musantawa. Kowane kwafi ƙuri'a ce. Shi ya sa ma masu shirya irin wannan waƙa ba sa neman attajiri ɗaya ya biya duka, domin in ya biya an sami kuɗin amma an rasa ƙidayar. Sai kuma a lura da lokacin da ta zo. Shekaru 23 ana gwagwarmaya kafin ta fito, akwai ƙungiyoyin iyalai masu shugabanni da ma'aji da lauyoyi, akwai buƙata guda ɗaya da yaro ma zai iya faɗa. Waƙa ta tarar da rumbu a gine, ita hatsi kawai ta zuba. Kuma kada a ɗauka ta gama komai: a 2019 kotu ta wanke Duckenfield daga tuhumar kisa, abin da ya bar iyalan da ƙunar zuci har yau.

A nahiyarmu ma filin ƙwallo ya haifi waƙoƙin koke masu ƙarfi. Magoya bayan Raja a Kasablanka suna da tasu a kan zaluncin da matashi ke gani a ƙasarsa, ta kuma bazu har wajen Maroko. Wadda magoya bayan USM Alger suka fitar a 2018 a kan mulkin Bouteflika ta zama taken masu zanga-zangar Aljeriya a 2019. Waɗannan sun tara jama'a, ba a dai yi su don tara kuɗin shari'a ba. Lamarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Accra. Ranar 9 ga Mayu 2001, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, 'yan sanda suka harba hayaƙi mai sa hawaye cikin 'yan kallo, ƙofofi a rufe, mutum 126 suka mutu. Da yawansu 'yan Nima ne, unguwar da Hausa ke cikin harsunan yau da kullum. An kafa kwamitin bincike, an buɗe asusun tallafi, an gurfanar da jami'an 'yan sanda shida, a 2003 kotu ta sallame su. 'Yan'uwanmu ne waɗannan, kuma mutuwarsu iri ɗaya ce da ta Hillsborough. Tallafi an bayar, amma asusun tallafi daban, asusun neman haƙƙi daban. Na farko hukuma ce ke riƙe da shi tana rabawa, na biyu masu haƙƙin ne ke riƙe da shi suna tuhuma.

Mu dawo gida. Madarumfa tana kudu da Maraɗi, kusa da iyakar Jibiya ta jihar Katsina, an san ta da tafkinta da kushewun waliyyai 99 da ake ziyarta. Daga cikin garin har Ɗan Isa da Gabi da Safo da Jiratawa, daren da Real Madrid ko Barcelona ke wasa gidajen kallo cika suke yi, kowa ya biya 'yan dalolinsa ya zauna a benci. Matashi zai lissafa maka kuɗin da aka sayi ɗan wasa a Turai, amma ka tambaye shi wa ke biyan kuɗin motar ƙungiyar garinsu in za ta je wasa, sai ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Manyan ƙungiyoyin Nijar da yawa na hukumomi ne: AS FAN ta sojoji, AS Police, AS Douanes, AS GNN, da na kamfanonin gwamnati irin su Nigelec da Sonidep. A Najeriya ma Kano Pillars da Katsina United na gwamnatocin jihohi ne. Mai goyon baya ɗan kallo ne kawai, ba ya da kujera a inda ake yanke shawara. Maraɗi ta taɓa ɗaukar kofin ƙasa da ƙungiyar Jangorzo a 1983, ga kuma ƙungiyar Ɗan Kasawa, amma muryar 'yan kallo a matsayin ƙungiya mai asusu da buƙata ba ta kafu ba.

Alhali kuwa waƙar wasa ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Jihar Maraɗi ce ta ba Nijar sarkin kokawa na farko, Yakuba Kantu, a 1975, kuma fagen kokawar birnin sunansa yake ɗauke da shi. Duk wanda ya ji Sagalo yana wasa 'yan kokawa, ko Ɗan Anace yana zuga Shago a dambe, ya san yadda ganga ke tayar da tsikar jikin taro. Karo-karo ma namu ne: adashin mata, gayyar noma, samariya a da, fadar matasa a yau. Har ma akwai shaidar cewa Bahaushe zai biya kuɗi kaɗan-kaɗan saboda waƙa. A 2020 Dauda Kahutu Rarara ya nemi masoyan Shugaba Buhari su tura naira dubu-dubu kafin ya yi masa sabuwar waƙa, kuma jama'a suka tura. Wannan ya nuna hanyar tana aiki a cikinmu. Sai dai tsohon tsari ne ya sake riga: kuɗin na shirya waƙa ne, waƙar kuma yabon mai mulki ce. Ɗaya juyin ne ya rage, wato waƙa ta zama kokon da ake zagayawa da shi, kuɗin su tafi ga buƙatar masu bayarwa.

Ba za a kwafo tsarin Ingila yadda yake ba, domin a nan ba a sayen waƙa. Daga waya zuwa waya take tafiya, ko wurin masu tura waƙa a kasuwa, ko ta WhatsApp. Inda kuɗi ke fitowa shi ne taron ƙaddamarwa, da liƙi, da abin da 'yan ci-rani ke turowa daga Legas ko Agadas ko Aljeriya ta gidajen aika kuɗi. Haɗarin kuma a wurin ƙaddamarwar yake. Da zarar an gayyaci babban baƙo ya tashi ya ba da rabin abin da ake nema shi kaɗai, dole a saka sunansa a baiti na gaba, kuma daga ranar waƙar tasa ce. In kuwa shi ne wanda ya kamata a tambaya ina aka kai kuɗin gyaran fili, to an rufe bakin kowa. Shi ya sa nake ganin ya kamata a ƙayyade iyakar abin da mutum ɗaya zai bayar, jika ɗaya ko biyu, kuma kada sunan mai rai ya shiga waƙar, na yabo ko na zagi. Zambo da habaici suna da daɗin ji, amma suna mayar da koke ya zama faɗan mutum biyu, su kuma ba hukuma dalilin kama mawaƙi ta bar maganar.

Akwai masu cewa yankin da 'yan bindiga suka addaba, inda dangi ke haɗa kuɗin fansa da kyar, ba ya da lokacin zancen ƙwallo. Na ji nauyin wannan magana. Amma matashin da ke fili da la'asar, wanda ke da koci da abokai da gasar da yake jira, ya fi wuyar ruɗuwa da masu shiga daji. Akwai kuma masu ƙyamar kiɗa saboda addini, kuma suna da yawa a ƙasar Maraɗi. Su ma ba a rasa hanya da su ba, tun da rubutacciyar waƙa da ake rerawa da baki kawai tana da dogon tarihi wajen wayar da kan jama'a, tun zamanin su Sa'adu Zungur.

Buƙatar ita ce za a fara tsayarwa, kuma ta zama guda ɗaya mai iyaka: katange filin gari kada a yanka shi filaye a sayar, ko tilasta a ajiye ma'aikacin lafiya da mota a duk wasan gasa, ko biyan lauya ga iyalin yaron da ya karye a fili aka watsar da shi. Bayan ita sai ma'aji uku da ba 'yan gida ɗaya ba, da littafin da za a riƙa karantawa a bainar jama'a duk ranar kasuwa ko a gidan rediyon gari, abin da ya shiga da abin da ya fita. Sai an gama wannan sannan a nemi mai waƙa. Shugabannin fada da masu gidajen kallo na Madarumfa, ku ne kuke da taron a hannunku duk mako. Ku zauna ku zaɓi buƙatar, ku buɗe littafin, mawaƙan suna nan cikin 'ya'yanku.