Faifan da ke auna nisa

A wani daji na Ingila, da sanyin safiya, za ka tarar da ƙato zaune dirshan a kan ɗan matashi, ya ɗora bindigar iska a gwiwa, ya manna ido a madubin hange, hannunsa na hagu yana murza wani faifai da ke gefen madubin. Ya daɗe a haka bai taɓa kunama ba. Nisa yake aunawa, kuma a nan gwani ke rabuwa da ɗan koyo.

Sunan wasan Field Target, an fara shi a yankin Sussex a 1980. Abin harbin surar kurege ce ko zomo ko ɓera ta ƙarfe, da rami a jiki mai faɗin milimita 40, wani lokaci 25 ko 15. Harsashi ya shiga ramin, surar ta kife, a ja igiya ta miƙe. Ana dasa su tsakanin yadi 10 zuwa 55, ba a faɗa wa kowa nisan, kuma an hana na'urar awo ta lesa.

Bindigar ba ta da wani ƙarfin a-zo-a-gani. Ɗan harsashin dalma ne mai kaurin milimita 4.5, nauyinsa kusan rabin giram, yana fita da gudun mita 240 ko kusa da haka a daƙiƙa. Tafiyarsa lanƙwashe take kamar jifan dutse, ya wuce yadi 45 kuwa sai ya riƙa sunkuyawa da sauri. Ka ɗauki yadi 55 a matsayin 52, sai ka ji ƙwal a ƙasan rami, kurege na tsaye yana kallonka.

Dabarar ta burge ni. Idan madubi yana girmama abu sau 50, ɗan siririn wuri kaɗai yake nunawa tar, gabansa da bayansa duk dishi-dishi. Sai maharbi ya murza faifai har tabon fenti ko kan ƙusar da ke jikin surar ya fito fes, ya ɗago ya karanta lambar da ta zo daidai tsinken nuni. Nisan ke nan. Ya gyara saiti, ya karanci iska a ganye da igiya, ya harba.

Shi ya sa mai zaɓen madubi ba ya tsayawa kan kyan hoto kawai. Kamfanonin madubi irin su Sightron da March da Schmidt & Bender duk sun yi suna, amma tambayar ita ce: hoton yana faɗowa tar lokaci guda, ko sai an yi ta lalube? Akwai tazara a faifai tsakanin 50 da 55, ko lambobin sun cunkushe? Don buɗe wannan tazarar ake ɗaura faifai mai faɗin faranti.

Lambobin ma da hannu ake rubuta su. Mutum ya shimfiɗa tef a fili, ya bi yadi-yadi yana sa alama da idonsa, domin na wani ba zai yi masa daidai ba. Sannan zafi da sanyi suna sauya awon madubi da yawa, har wasu na liƙa ɗan ma'aunin zafi a jikinsa, su zana layin lambobi biyu ko uku da launi daban-daban: shuɗi na safiya, ja na lokacin da rana ta take.