Ido da Kunne a Gidan Silima: Misali daga Shaihu Umar

Mutum biyu suna iya biyan kuɗi ɗaya a ƙofar silima, su zauna bisa benci ɗaya, a nuna musu fim ɗaya, amma su fito da riba dabam-dabam. Na farko ya fito da labari kurum, irin wanda ko da a gida ya zauna wani zai iya kwashe masa shi cikin minti biyar. Na biyu kuwa ya fito da abin da mai ba da labari ba ya iya ɗauko masa, watau yadda aka tsara hoto, da inda aka tsai da shi, da inda aka yanke. Abin da ya raba su shi ne irin tarbiyyar da idon kowannensu ya samu. Bahaushe mai kallo kuwa makarantu biyu ne suka rene shi, kuma darussansu sun saɓa wa juna.

Makaranta ta farko ita ce majigi. Tun zamanin Turawa, har zuwa lokacin gwamnatin Jihar Arewa, mota ce kan zo gari da injinta, a kafa farin ƙyalle a dandali ko a ƙofar fada, a tara jama'a kyauta bayan faɗuwar rana. Abin da akan nuna bai wuce tsabta da noma da ayyukan hukuma ba, kamar Baban Larai da aka shirya domin manoman auduga. Amma jigon taron shi ne mai sharhi da ke riƙe da lasifika. Shi yake faɗin wane ne wannan, da abin da yake yi, da darasin da za a ɗauka. Ke nan mai kallon majigi ya saba da jiran a gaya masa abin da ya gani.

Makaranta ta biyu ita ce silimar kuɗi. A Kano an buɗe Rex a 1937, sa'an nan wasu suka biyo baya, irin su Palace da aka gina cikin birni a farkon shekarun 1950, duk da ƙyamar malamai da iyaye. Gobarar silimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci rayuka sama da 300, ta ƙara wa masu ƙyamar hujja. Duk da haka samari ba su daina zuwa ba, musamman da 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da finafinan Indiya. A nan babu mai sharhi, babu mai jin Indiyanci, fassarar Turancin da ke ƙasan allo kuwa ba kowa ke iya binta ba. Dole ido ya yi aikin da kunne ya kasa. Daga tufafi da zaman gashin baki ake gane mugu, daga sauyin kiɗa ake sanin masifa ta kusa, daga sunkuyar da kai ake fahimtar yarinya ta ƙi auren da aka yi mata. Fim kamar Mother India na 1957 an yi ta maimaita shi shekara da shekaru, mutum ya gan shi sau da yawa bai gaji ba, har 'yan wasa suka sami laƙabi na Hausa, kamar Dharmendra da ake kira Sarkin Ƙarfi. Brian Larkin ya yi bayanin wannan zamani a littafinsa Signal and Noise na 2008.

Wannan maimaitawa, wadda manya suka ɗauka ɓarnar kuɗi ce, ita ce babbar dabarar cin moriyar silima. A kallon farko zuciya tana can wajen abin da zai faru. Sai an san ƙarshen labari tukuna ido yake samun sukunin duba gefen allo, da mutanen da ke baya, da tsawon lokacin da aka bar fuska ba magana. Hatta ihun 'yan kallo da ake kuka da shi a silimar da ba rufi, shi ma wani irin sharhi ne, domin ba sa yinsa sai a gaɓar da fim ya kama su ko ya sake su.

Inda makarantun nan biyu suka yi karo shi ne Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta littafin domin gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, aka buga shi a 1934. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975, sa'an nan Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu. Duk wanda ya yi makarantar boko a Arewa ya san labarin: korar Makau daga Kagara, da satar yaro, da tafiya da Abdulkarim zuwa Ber Kufa, da uwar da ta fita neman ɗanta ta faɗa cikin bauta. Saboda haka mai kallo ya shiga silima ne tamkar wanda ya riga ya yi kallon farko, idonsa a sake yake.

Amma fa fim ɗin da Hausa yake magana, kuma Shaihu ne da kansa yake ba almajiransa labarin rayuwarsa. Wannan tsari, wanda ya zauna daram a littafi, a allo yana da haɗari, domin ya dawo da mai sharhin majigi cikin rawani. Da zarar murya mai kwarjini ta ce ga abin da ya faru, sai kunne ya karɓe aiki, ido ya kwanta. A nan raunin fim ɗin yake, kuma gadonsa ne daga dandamali, inda magana ce take ɗauke da kome. Mai kallon da ya biye wa wannan zai ƙare ne da awon fim da littafi, yana lissafin abin da aka tsallake da abin da aka ƙara, kamar mai duba takardar jarrabawa. Irin wannan shi ne yake fitowa yana cewa fim ɗin ya cika tsawo, don ya haura sa'a biyu.

Alhali kuwa ƙarfin fim ɗin a cikin tsawon nan yake. Shaihun littafi mutum ne da ya riga ya sallama wa ƙaddara, don haka yake ambaton sace mutum da sayar da shi cikin natsuwa, jimla ɗaya ko biyu ya wuce. Alƙalami yana iya cewa an sayar da mace ya ci gaba. Na'urar ɗaukar hoto ba ta da wannan gajeriyar hanya: tilas ta nuna mace mai fuska, da mai saye mai fuska, da lokacin da abin ya ci. Ta haka hoto yake tayar da tambayar da muryar Shaihu ta kwantar, watau wa ya biya kuɗin wannan ilmi da ɗaukaka da yaron ya samu a hannun ubangidansa. Mai kallon da ya zo da idon da finafinan Indiya suka wasa shi ne zai ga saɓanin da ke tsakanin abin da ake faɗa da abin da ake nunawa.

Maganar ta shafi malamai da ɗaliban nazari kai tsaye. Tun daga Turmin Danya na 1990, fim ɗin Hausa ya koma kaset da ƙaramin allo, inda hoto ya ƙanƙance magana ta mamaye, kuma kundaye da yawa sun bi wannan sawu: a kwafe maganganun 'yan wasa, a fid da jigo da warwararsa, a rufe. Nazari irin wannan da rediyo ma za a iya yinsa. Shi kuwa Shaihu Umar, wanda aka daɗe ana zaton ya ɓace, an gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya a 2016, aka gyara shi tare da cibiyar Arsenal ta Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Malamin da ya sami damar nuna wa ɗalibansa shi a babban allo, ya dace ya zaɓi fitowa ɗaya daga tafiyar uwar Umar, ya kashe sauti, ya sa kowa ya rubuta abin da ya gani kafin a mai da murya.